Ranar da Purvis Gandy Ya Auna Sababbin Kociyoyi

A garin Pine Fork, can cikin Mississippi, abu biyu ne ba a wasa da su: coci ranar Lahadi da ƙwallon kwaleji ranar Asabar. In kuma gaskiya ake so, taron Asabar ya fi cika. Ƙwallon namu na hular kwano ne, wanda ƙato zai rungume ya zura da gudu, ƙatti su bi shi su danne. To, duk faɗin garin babu wanda ya san sirrin wasan nan kamar Purvis Gandy. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma kowace safiya sai ya maimaita don kada a manta.

Purvis ya ce ya buga wa kwalejin wasa a zamaninsa. Hotunan 'yan wasa na kowace shekara suna nan rataye a zauren kwaleji, babu fuskarsa ko a guda, amma ya ce shi ranar ɗaukar hoto mura ke kama shi. Tun da ya sayar da shagonsa na tayoyi, abu ɗaya ya rage masa a duniya, wato shugabancin Ƙungiyar Magoya Baya. Shugaba ne ke zama cikin buɗaɗɗiyar mota a gaban fareti, shi ke da wurin ajiye mota a bakin fili da sunansa a jikin allo, shi ake miƙa wa makirufo. Purvis yana son kujerar nan har cikin ransa. Ya san sarai ranar da ta suɓuce masa ya koma tsoho mai shan kofi da yawan surutu kawai, irinsu kuwa garin bai rasa su ba.

Bana sai kujerar ta fara girgiɗi. Kwaleji ta gaji da shan kashi, ta sallami tsohon koci, ta ɗauko wani matashi, Koci Tolliver, ya zo da mataimakansa. Da aka kafa kwamitin zaɓo su ba a ko gaida Purvis ba. Lamar Stribling aka sa, mai gidan shirya gawa, mutum mai sanyin murya da baƙar kwat, ga shi yanzu ya fito takarar shugabancin ƙungiya. Zaɓen kuma ranar Asabar mai zuwa ne, a wurin suyar tarwaɗa da ake yi kafin wasan farko na shekara, wanda bana da Bascom za a yi.

Bascom kwaleji ce a gundumar da ke maƙwabtaka da mu, kuma gabar da ke tsakani ta girmi duk wanda ke raye. Mu ja ne launinmu, su ruwan goro. A Pine Fork ko tawul mai ruwan goro ba a shanyawa a waje.

Ranar Litinin da safe, a shagon kofi na Miss Odessa, Purvis ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Ni kallo ɗaya nake yi wa koci in gaya maka ko zai kai Kirsimeti. Ka dubi wuyansa, ka dubi tumbinsa, sannan ka ji muryarsa. Wannan yaron da kuka kwaso mana, Miss Odessa, me ya ci a nan ran nan?"

"Ganye," in ji Miss Odessa, tana zuba kofi. "Da shayi mai ƙanƙara, ba sukari."

"Ba sukari!" Purvis ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Mutumin da ke tsoron sukari, shi zai tari Bascom?"

Lamar yana can ƙarshen tebur yana shafa man shanu a burodi a hankali. "Ai ba ka ga aikinsu ba tukuna, Purvis."

"Kai da kullum kake tare da waɗanda ba sa motsi, me ka sani game da gudu?"

"Aƙalla nawa ba sa cika baki."

Aka kwashe da dariya. Purvis ya ji zafin dariyar nan har kunnuwansa suka yi ja. Ya miƙe ya gyara bel a ƙarƙashin tumbi, ya ce ranar Asabar, kafin a ɗaga hannu ɗaya na zaɓe, zai tsaya gaban kowa ya auna kociyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, da abin da idonsa ya gani, sannan jama'a su yanke wa kansu ko wa ya san ƙwallo tsakanin shi da mai akwatin gawa.

"Filin atisaye a rufe yake fa," in ji Miss Odessa. "Sun lulluɓe shingen da baƙin yadi. Ko shugaban kwaleji sai da izini."

"Wa aka rufe wa? Ni?"

Shi aka rufe wa. Da yamma ya je ƙofar fili ya tarar da Cleon mai gadi, wanda suka yi firamare tare, zaune kan kujerar roba yana fifita da hula.

"Buɗe, Cleon."

"Koci ya ce ba mai shiga."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani mana. Kai ne ka yi fitsari a wando ranar wasan kwaikwayon Kirsimeti."

Purvis ya juya ya koma mota.

Washegari ya dawo da dabara. Ya je gonar ƙanin matarsa ya cika bayan a-kori-kura da kankana, ya liƙa jan ƙyalle, ya zo ƙofa yana hon, wai kyauta ce daga ƙungiya, kuma al'ada ce shugaba ya miƙa ta da hannunsa a tsakiyar fili. Cleon ya ce madalla. Ya leƙa ciki ya yi fito, sai ga ƙatti sun fito a jere, kowanne wuyansa ya fi cinyar Purvis. Kafin ya gama fitowa daga mota sun kwashe kankanar kaf, kowa biyu-biyu a hammata, suna cewa "Mun gode, yallaɓai," aka mayar da ƙofa garam. Abin da ya gani na atisaye bai wuce bokitin shara ɗaya da ke bayan ƙofar ba.

A gida, matarsa Earline tana ɓare wake a baranda. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Yayana ya bugo waya," in ji ta. "Wai ƙaninmu yana neman wanda ya kwashe masa rabin gona."

"Hidimar ƙungiya ce."

"Purvis, ka bar wa Lamar kujerar nan ka huta mana. Ka tsufa."

"Zaki ba ya tsufa da farauta."

"Zaki ba ya shan maganin hawan jini."

Kalmar farauta da ta fito daga bakinsa ita ta kawo masa shawara ta uku, wadda da ma ba ta zo ba. A gareji yana da kujerar nan ta maharban barewa, wadda ake ɗaurawa can saman bishiya a zauna a jira nama. Bayan filin atisaye kuma akwai ɗan kurmi, da wata doguwar bishiya da ta zarce shingen. Ranar Laraba da tsakar rana, cikin zafin Agusta da ke narkar da kwalta, Purvis ya sa kayan farautarsa masu launin ganye, ya shafe fuska da baƙi da kore, ya rataya madubin hangen nesa, ya ce wa Earline zai je ya duba rufin coci.

Hawan ma kaɗai labari ne. Yana hawa yana nishi, yana kiran sunan Ubangiji da na Lamar a jere. Da ƙyar ya kai, ya ɗaure kujera, ya ɗaura igiyar tsaro a ƙugu, ya zauna yana haki. Daga nan fili ya shimfiɗu a gabansa tas. Ya ga wani can kan dogon injin ɗaga mutum a gefen fili, ya ce a ransa ma'aikacin lantarki ne, bai sake bi ta kansa ba.

Ya fara da babban koci. Ba tumbi, ba wuya, ba ihu. Mutum yana yawo da ɗan allon kwamfuta a hannu, yana yi wa yara magana a hankali sai ka ce likita. Purvis ya yi tsaki, ya ce wannan ya faɗi. Ya juya kan mai horar da 'yan wasan tsaron baya, Koci Womack, wani dirkeken mutum mai aski ƙwal. Wuya ya yi, tumbi ya yi, amma sai ya ga ya dafa kafaɗar wani yaro yana dariya. Koci da dariya a filin atisaye! Shi ma ya faɗi.

Sai ga abin da bai taɓa zato ba. Daga ɗakin canza kaya wasu 'yan wasa suka fito a guje, kusan goma sha, sanye da riguna ruwan goro. Purvis ya goge madubi da gefen riga ya sake dubawa. Ruwan goro dai, a filinmu, kan ciyawarmu. Suka jeru irin jerin Bascom sak, ɗaya daga cikin sababbin kociyoyin yana tsaye a bayansu yana nuna musu inda za su bi su ratsa yaranmu. Da suka ratsa kuwa, har tafa musu ya yi.

Purvis ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Tsoro ya kama shi, daɗi kuma ya fi tsoron yawa. Ashe shi ya sa aka lulluɓe shinge! Lamar bai kawo ragwaye kawai ba, maciya amana ya kawo. Ya miƙe tsaye kan kujera don ya ƙara gani da kyau, ya kai hannu ya kama reshen da ke bisa kansa.

A jikin reshen nan rina ta yi gida.

Abin da ya biyo baya Purvis bai iya ba da labarinsa daki-daki ba, don shi kansa bai san ta ina aka fara ba. Ya dai san ya mari kansa, ya san madubi ya tafi, ya san ƙafarsa ta bar kujera. Igiyar tsaro ta riƙe shi yana lilo kai a ƙasa, rina na yi masa hidima ta ko'ina. Ya daɗe yana kokawa da ƙullin kafin ya kwance, da ya kwance kuma sai ya tuna ƙullin ne ke riƙe da shi. Ya bi rassa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, kafaɗar dama ce ta fara isa.

Likita ya ce kafaɗa ta goce, wani abu kuma ya tsage a ciki. Ya ɗora masa wani abin tallafi na ƙarfe da soso daga ƙugu zuwa gwiwar hannu, wanda ya tokare hannun dama a sama, tafin a buɗe, kamar mai rantsuwa a kotu. Ya ce haka zai zauna har sai an ga hali, ko barci ma haka.

"Garin yaya?" in ji likita.

"Rufin coci," in ji Purvis. "Tsani ya zame."

"Wannan kumburin fuskar fa?"

"Akwai rina a rufin."

Kafin magariba labari ya gama gari cewa Purvis Gandy ya faɗo yana yi wa Ubangiji aiki. Mata suka riƙa kawo abinci a kwanuka. Earline tana karɓa tana godiya, tana yi masa wani irin kallo ta gefen ido. Shi kuwa yana kwance hannu a sama, yana jera maganar da zai yi ranar Asabar, yana murmushi da rabin bakin da bai kumbura ba.

Ranar Asabar zauren ƙungiya ya cika maƙil. Ƙamshin soyayyiyar tarwaɗa har titi, kowa cikin ja. Kociyoyi suna teburin gaba, an kafa farin allo a bayansu don nuna wa magoya baya ɗan abin da aka yi a atisaye, kamar yadda aka saba. Fasto ya buɗe da addu'a, ya roƙi nasara a kan Bascom, sannan ya roƙa wa Ɗan'uwa Purvis lafiya, bawan Allah da ya hau rufin gidan Ubangiji ba wanda ya aike shi, ba ma wanda ya san rufin yana yoyo. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Purvis ya sunkuyar da kai cikin tawali'u.

Aka ba shi makirufo, ya riƙe da hagu. Ya fara da wuya da tumbi, aka ɗan yi dariya. Ya zo kan shayi ba sukari, aka ƙara. Sai ya sauke murya.

"'Yan'uwa, wannan duk wasa ne. Ku ajiye cokulanku. Ranar Laraba, a filinmu, bayan baƙin yadin nan, 'yan Bascom sun shigo da rigunansu ruwan goro. Kuma waɗannan mutanen da Lamar Stribling ya kawo mana, su suka tsaya suna koya musu yadda za su ci mu!"

Wata tsohuwa ta ce "Wayyo Yesu!" ta dafe ƙirji. Wani ya kifar da kofin shayi. Sauran zauren kuwa, musamman mazan da suka taɓa sa hular kwano, suka sunkuyar da kai suna duban faranti.

Koci Tolliver ya goge baki, ya miƙe. Muryarsa a hankali, kamar kullum.

"Mista Gandy, yaranmu ne. Ƙananan da ba su samu shiga sahun farko ba. Mukan sa musu rigar abokan hamayya su kwaikwayi salonsu, don manyan su saba kafin ranar wasa."

"Kowace ƙungiya haka take yi, Purvis," in ji Lamar cikin muryar ta'aziyya. "Har 'yan sakandare."

"A zamaninmu ba a yi!"

"An yi," in ji wani tsoho daga baya. "Ni na sa ta shekara biyu."

"Abin da ya fi damuna," in ji Koci Tolliver, "filin a rufe yake. Ina ka gan su?"

"Ina da majiyoyi."

"To, ƙila za ka taimake mu. Mu duk atisaye muna ɗaukarsa a bidiyo daga kan injin nan mai tsawo, kuma ranar Laraba mun kama wani a bishiya. Mun ɗauka Bascom ce ta turo ɗan leƙen asiri, har mun kai wa 'yan sanda rahoto. Da ma mun yi niyyar nuna wa jama'a ko wani zai gane shi. Koci Womack?"

Purvis ya waiga ya dubi ƙofa. Aka kashe fitila. Koci Womack ya tsaya gefen allo da ɗan abin latsawa a hannu, fuska a murtuke, don su kociyoyi ba su san wata hanyar kallon bidiyo ba sai ta aikinsu: a tsayar, a mayar baya, a auna kowane motsi.

Ga bishiya, ga wani abu mai launin ganye yana rarrafe a jikinta.

"Ku dubi hawan," in ji Womack. "Ba ya amfani da ƙafa, duk da ciki yake yi. Ba horo."

"Mayar baya," in ji wani mataimaki. Mutumin ya sauko da baya-baya, ya sake hawa. "Ƙugu a sandare. Wannan ba zai iya juyawa ba ko an biya shi."

Aka wuce gaba. Mutumin ya miƙe, ya kama reshe, sai hannuwa suka fara fanka.

"A nan ne ya ɓata wasan," in ji Womack. "Ido ya bar ƙasa. Kullum muna gaya wa yara, in abokan gaba sun yi maka yawa, ka tsaya kan ƙafarka." Ya mayar baya. Mutumin ya tashi daga lilo ya koma kan kujera, ya sake faɗowa. Ya mayar kuma, a hankali wannan karon. Zauren ya fara rawa da dariyar da ake dannewa.

"Amma ku ba shi haƙƙinsa," in ji Koci Tolliver. "Ya jure duka. Ya bugi rassa da yawa bai saki hularsa ba."

"Zuciya akwai," in ji Womack. "Ƙwaƙwalwa ce babu."

Ya tsayar da hoton daidai inda mutumin ke rataye kai a ƙasa, bayansa ya cika allo. Fuskar a shafe take, ba mai iya rantsuwa a kanta. Purvis ya fara tunanin ƙila ya tsira. Sai wata murya ta taso daga teburin mata, ba ihu, ba gaggawa.

"Facin da ke gindin wandon nan ni na ɗinka shi." Earline ta ajiye cokali. "Purvis Gandy, wannan ne rufin cocin?"

Zauren ya fashe. Miss Odessa ta kifa kai a tebur tana bubbuga shi. Cleon mai gadi sai da aka ba shi ruwa. Fasto bai yi dariya ba, ya dai cire tabarau ya goge, ya ce a hankali yana so ya janye wani sashe na addu'arsa. Purvis yana tsaye da makirufo a hagu, kunya ta rufe shi har ya ji da ma rinar ta ƙarasa shi a can.

"Gwaji ne!" ya ce. "Na hau ne in ga ko suna da tsaro!"

"To mun ci gwajin?" in ji Koci Tolliver.

Purvis ya ajiye makirufo ya zauna. Aka kunna fitila.

Sakatariyar ƙungiya, Miss Verlie, tsohuwar malamar lissafi da ba ta taɓa yi wa doka kwana ba, ta buga cokali a kofi ta ce lokacin zaɓe ya yi, kuma kamar yadda tsarin ƙungiya ya ce, da ɗaga hannu ne, sabon ɗan takara a fara.

"Masu son Mista Lamar Stribling."

Hannuwa suka tashi ko'ina, har na Earline, da cokali a ciki. Miss Verlie ta bi layi-layi tana nunawa da yatsa, ta zo kan Purvis, ta dubi hannun daman nan da ke tokare a sama, tafi a buɗe, ta haɗa da shi ta wuce.

"Miss Verlie! Ba ɗagawa na yi ba!"

"A sama yake ko a ƙasa?"

"Likita ne ya..."

"Ban tambayi wanda ya ɗaga ba. A sauke hannuwa. Masu son Mista Purvis Gandy."

Duk zauren hannu ɗaya ne a sama. Purvis ya waiga dama, ya waiga hagu da ƙyar, ya dubi mutanen da ya yi shekaru yana shan kofi da su, kowa ya samu abin dubawa a farantinsa. Idonsa ya kawo ruwa, abin ya yi masa ciwo fiye da kafaɗar. Amma ya daure ya ɗaga haɓa, don ko ba komai ƙuri'a ɗaya ƙuri'a ce, mutum ya fita da mutuncinsa.

Miss Verlie ta dubi hannun ta saman tabarau.

"Mista Gandy, ba a zaɓe sau biyu. Ka riga ka zaɓi Lamar."